Fitilar zaiba, LED ko solbent: wane inji ya dace da shagon ɗab'i a Legas?

'Yan'uwanmu da yawa a Agege, Idi-Araba da Mile 12 sun fara waiwayar sana'ar ɗab'i, musamman matasan da suka yi yaron shago a Shomolu ko Mushin suka ga yadda kuɗi ke shiga lokacin biki da lokacin siyasa. Da zarar mutum ya ce zai sayi inji, dillalai za su yi masa caa, kowa da abin da yake tallatawa. Wannan ya ce solbent ya tsufa, UV ake yayi. Wancan ya ce UV ɗin ma iri biyu ne, na fitilar zaiba da na LED, kuma nasa ne na gaske. Mai kuɗi ya tsaya a tsakiya, jarinsa na shekaru a aljihu, bai san wa zai gaskata ba. Ra'ayina tun daga farko shi ne: abin da za ka riƙa bugawa a kansa da irin wutar da ke layinku su ne za su zaɓa maka inji, ba bakin dillali ba.

Bambancin yana farawa ne daga yadda tawada ke kama jikin abu. Tawadar solbent kamar wanki ce da aka shanya: akwai ruwan sinadari a cikinta, sai ya tashi ya bi iska sannan launi ya zauna. Shi ya sa injinta ke da hita a ƙasa da fanka a gaba, shi ya sa kuma shagon ke wari. Tawadar UV ba ta bushewa ta wannan hanya. Kusan babu abin da ke tashi daga cikinta. An haɗa ta da wani sinadari mai jiran haske, da zarar hasken UV, wani haske da ido ba ya gani, ya dira a kansa sai ya sa ƙananan ƙwayoyin tawadar su sarƙe da juna, ruwa ya koma roba mai tauri cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Idan hasken bai zo ba, ko ya zo amma ba irin wanda sinadarin ke jira ba, tawadar za ta kwana ta wuni a jiƙe. Riƙe wannan, domin duk wata asara da ake tafkawa a harkar UV daga nan take fitowa.

Idan aikinka fileks ne da sitika, wato banar coci da masallaci, fastar ɗan takara, sitikar jikin danfo da keke, to maganar gaskiya injin solbent bai tsufa ba. Ya fi araha nesa ba kusa ba, tawadarsa ta fi sauƙin kuɗi, kuma a Shomolu ba za ka rasa mai gyaransa ba ko da ranar Asabar da yamma ce. Tawadarsa tana ɗan cin jikin ledar ta shige ciki, don haka idan aka ja sitika a kan lanƙwasar mota ba ta tsagewa. Tawadar UV kuwa a sama take zama, idan mai tauri ce aka lanƙwasa ta da yawa sai ta dare. Aibin solbent shi ne jira. Kafin a rufe sitika da ledar kariya ana so a bar ta ta sha iska kamar kwana guda, in ba haka ba sinadarin da bai gama fita ba zai ɓata gam ɗin, gefuna su fara ɗagowa. A damina, lokacin da laimar iskar Legas ke haura kashi 80 cikin ɗari, jiran yakan ƙaru, ga kwastoma a tsaye yana duba agogo. Duk da haka, wanda zai yi takara da masu fileks a kan farashin kowace ƙafa, ya sayi UV don wannan aiki kaɗai, ya ɗora wa kansa kayan da ba zai iya saukewa ba. Zaɓen 2027 zai kawo aikin fileks mai yawa, amma aiki ne na wanda ya fi araha.

Inda UV ke da bakin magana shi ne abin da solbent ba ya iya taɓawa: gilas, akirilik, katako, allon roba mai kauri, tayil, ƙarfe, fata, murfin waya, biro, kofin ruwa, lambar yabo. Ana ɗora abu a kan shimfiɗaɗɗen teburin inji, a buga, a ɗauka a miƙa wa mai shi nan take. Yana buga farar tawada, wadda ke sa launi ya fito a kan baƙin abu ko abin da ake gani ta cikinsa, yana kuma zuba ruwan ƙyalli a inda ake so, har rubutu ya taso a ji shi da yatsa. A garin da kowane ƙarshen mako ake rabon kayan tunawa a wurin biki, kamfanonin Ikeja da Victoria Island kuma suna yin kyautar ƙarshen shekara, wannan kasuwa ce mai riba a kan kowane abu guda, ba a kan yawan mita ba. Wanda ya riga ya san masu ba da irin wannan aiki, UV nasa ne. Wanda bai san kowa ba, yana dai fata in ya sayi inji za su zo, gara ya fara karɓar aikin yana kai wa masu inji yana cin ɗan abin da ya samu a sama, har ya ga ko kasuwar za ta riƙe shi.

To, an yanke shawara UV za a saya. Saura fitila.

Fitilar zaiba ita ce tsohuwar hannu, da ita aka fara wannan fasaha tun wajen shekarun 1970. Doguwar kwalba ce ta wani gilas na musamman mai jure zafi, da ɗigon zaiba a ciki. Idan wuta ta ratsa, zaibar ta zama tururi ta ba da haske mai faɗi, daga gajeren zango na wajen nanomita 254 har zuwa 365 da sama (nanomita shi ne ma'aunin tsawon zangon haske). Wannan faɗin shi ne ƙarfinta. Gajeren zango yana daskarar da saman tawada ya bar shi sumul ba danƙo, dogon zango kuma ya shige ciki. Kusan kowace tawadar UV da kowane ruwan ƙyalli da ke kasuwa za su daskare a ƙarƙashinta, har da masu araha. Kwalbar kanta ba ta da tsada idan aka gwada da kan LED.

Matsalarta a Legas wuta ce, kuma a nan ya kamata mai saye ya zauna da biro da takarda. Ana auna ƙarfin irin wannan fitila da wat a kowace santimita, kuma 120 ba baƙon adadi ba ne. Ɗauki fitila mai tsawon santimita 70: kilowat 8.4 ke nan, ita kaɗai, ban da fankar da ke zuƙe zafi. Idan ta yi awa takwas a kunne ta sha yunit 67 da 'yan kai. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawa, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan rage daga baya, lissafin ya sauya wa kowa. Ko a naira 200 ka yi lissafi, fitila guda ta ci sama da naira 13,000 a wuni, injuna da yawa kuma biyu ko uku suke ɗauka. Abin takaicin shi ne ƙasa da sulusin wannan wuta ne ke zama hasken UV, mafi yawan sauran zafi ne, wanda kuma za ka sake biyan kuɗi don fitar da shi daga ɗaki. Idan a janareta ne, sai ka mayar da lissafin zuwa litar gas.

Ba a nan ta tsaya ba. Fitilar zaiba tana buƙatar 'yan mintoci kafin ta kai cikakken ƙarfinta, don haka ba a kashe ta tsakanin aiki da aiki, sai dai a rufe mata ƙofa a rage ƙarfi, tana ci gaba da shan wuta. Idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, ba ta kamawa nan take ko da janareta ya tashi, sai ta huce tukuna. Kowane kunnawa kuma yana rage mata kwana. A ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa ana ba ta awa 1,000 zuwa 2,000. A layin da ake ɗaukewa sau da yawa a wuni, ko na Ikeja Electric ne ko na Eko, kada ka sa ran kaiwa can. Wani halinta da ke cutar sabon shiga shi ne ba ta mutuwa farat ɗaya. Ido zai ga tana haske kamar kullum, alhali ƙarfin UV ɗin ya ragu, sai a wayi gari aikin da ya fita jiya yana manne da juna a cikin kwali. Ga iskar ozon da gajeren zangon ke haifarwa, mai ƙaiƙayin maƙogwaro, wadda dole a ja mata bututu zuwa waje. A shagon da ke ƙasan bene, maƙwabta a kowane gefe, wannan bututu kansa rigima ne. Zafinta kuma yana lanƙwasa siririyar leda da roba.

LED ta shigo harkar ɗab'i sosai ne daga wajen 2008, shekarar da kamfanin Ryobi na Japan ya nuna injin ofset, wato mai buga takardu da rola, mai irin wannan fitila a baje kolin drupa na birnin Dusseldorf a Jamus. Ƙananan ƙwayoyin haske ne jere a kan faranti, suna ba da haske a siririn zango guda: nanomita 365, 385, 395 ko 405, kuma 395 ne ya fi yawa a injunan da ake shigowa da su daga Guangzhou da Shenzhen. Tana kamawa nan take, tana mutuwa nan take, wato ba ta shan wuta sai lokacin da kan inji, wato ɓangaren da ke fesa tawada, ke tafiya a kan aiki. Babu ozon, babu zaiba, zafin da ke sauka a kan abin da ake bugawa kaɗan ne. Masu ƙera ta suna ba ta awa 20,000 ko fiye. Ƙaramin injin tebur mai LED yana iya tafiya a kan janareta matsakaici, wasu ma a kan inbata mai ƙarfi. Ga mai shago ɗaya da yara biyu, wannan kaɗai ya isa ya kashe gardama, kuma ni a ganina ya kashe ta. Kusan duk sabon ƙaramin inji da za a nuna maka yau LED ne. Inda za ka ci karo da zaiba shi ne tsofaffin manyan injuna 'yan kwatano da aka sauke a Apapa ko Tin Can, da injunan zuba ƙyalli a kan katin biki, bangon littafi da kalanda.

Sai dai kada a ɗauka LED ba ta da nata hali. Ana cewa ba ta da zafi, amma gaba ne ba zafi, bayan farantin yana ɗaukar zafi sosai, kuma zafi shi ne ajalinta. Awa 20,000 ɗin nan da sharaɗin sanyaya take. Mai sanyaya da ruwa tana da ɗan akwati a gefe da famfo, idan ruwan ya ƙafe ko famfon ya tsaya yaro bai lura ba, ƙwayoyin za su ƙone a rasa wani layi na haske, kuma ba kwalba ce da za a zare a sa wata ba, sau da yawa sai an sauya kan fitilar gaba ɗaya, da dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san abin da wannan ke nufi. Wutar da ke hawa da sauka ita ma tana kashe allon lantarkinta, don haka sitabilaiza mai kyau da waya ta ƙasa ba ado ba ne, cikin kuɗin inji suke.

Babban tarkon kuma shi ne tawada. Da yake hasken LED siriri ne, sai tawadar da aka haɗa domin wannan zango take daskarewa da kyau. Mutum zai ga galan na ruwan ƙyalli mai araha a kasuwa an rubuta UV a jiki, ya saya, alhali na fitilar zaiba ne. Zai fito kamar ya yi, a taɓa a ji danƙo, ko sama ya yi tauri ƙasa na jiƙe, bayan kwana biyu ya ɓare. Araha ba ta ado. Ko da tawadar da ta dace ce, iskar da muke shaƙa tana hana saman tawada saurin kamawa, kuma LED ba ta da gajeren zangon da ke maganin wannan, shi ya sa ruwan ƙyallinta ya fi tsada, wani kuma yakan ɗan yi rawaya a kan farar takarda. A ɗaya gefen, dogon zangonta ya fi shiga cikin farar tawada da mai kauri. Saboda haka tambayar da za ka yi wa dillali ba "LED ce?" kaɗai ba. Ka ce masa: Alhaji, ko Oga, nanomita nawa ce, wace tawada aka yi mata, wa ke sayar da ita a Legas, kuma in kai ka daina kawowa wa zan je wa?

Ga masu tsohon injin ofset, irin Heidelberg ɗin da suka cika Shomolu, da ke tunanin ɗaura masa fitila su koma UV: ba fitila kaɗai ake saya ba. Tawadar UV tana kumbura robar rola da bargon inji (shimfiɗar robar da ke miƙa tawada ga takarda) da aka yi domin tawadar mai, sai an sauya su da irin robar da ke jure ta, a sauya ruwan wanki, a koya wa ma'aikaci sabon hannu. Mai buga kwalin magani ko na turare da yawa, kullum, zai iya mayar da kuɗinsa. Mai buga rasit da fom ba shi da abin yi da ita. Wanda kuma aikinsa zuba ƙyalli ne a kan dubban takardu, yana da layin wuta mai ƙarfi da fili a masana'anta irin na Ilupeju ko Oregun, har yanzu zaiba na iya fi masa, domin arahar ruwan ƙyallin tana rufe tsadar wutar idan aikin ya yi yawa. Wannan ne kaɗai wurin da zan ba wa mutum shawarar zaiba ba tare da jinkiri ba.

Akwai abin da ya shafi kowane injin UV mai feshi, wanda dillalai ba su cika faɗa ba: ba ya son zama. Farar tawada tana da hoda mai nauyi da ke kwantawa a ƙasa, idan injin ba shi da abin juya ta, ko aka rufe shago aka tafi gida hutun Sallah mako biyu, sai a dawo a tarar da kan inji ya toshe. Kan nan kuwa, na Epson ne ko na Ricoh, shi ne mafi tsada a cikin abin da ke lalacewa. Na Epson ya fi araha, ya fi saurin gajiya. Na Ricoh ya fi tsada, ya fi daɗewa. Wanda ya san zai yi tafiya ya bar wanda zai riƙa kunna inji yana ɗan fesawa kullum, ko ya wanke kan ya cika shi da ruwan ajiya. Hasken rana ma yana daskarar da tawadar, don haka ba a kafa injin a bakin ƙofa ko jikin taga, ba a kuma ajiye galan a inda rana ke bugawa. Madubi da ƙarfe mai sheƙi suna mayar da hasken fitila sama ya daskarar da tawada a bakin kan, aiki guda ya cinye ribar wata. Tawadar tana da wa'adi, yawanci kamar shekara, a duba kwanan wata kafin a biya.

Masu gam su ma suna cikin wannan magana, ko da yake tasu ta fi sauƙi. Masu gyaran fuskar waya a Computer Village da masu haɗa teburin gilas da akwatin nuna kaya suna amfani da gam ɗin da haske ke kamawa, kuma a nan ƙaramar fitilar LED ta hannu ta wadatar. Sharaɗi guda ne: dole haske ya kai ga gam ɗin, wato ɗaya daga cikin abubuwan da ake haɗawa ya zama haske na ratsa shi. Gilas da ƙarfe, ya yi. Ƙarfe da ƙarfe, a nemi wani gam. Gilas mai leda a tsakiya irin na gaban mota da wasu robobi suna tare mafi yawan hasken 365, sai a nemi gam da fitila na 405.

Lafiya kuma ba abin wasa ba ce a kowanne. Hasken fitilar zaiba yana ƙona ido irin ciwon da masu walda suka sani, wanda ba a jin sa sai dare ya yi, ido ya cika da yashi. Na LED bai kai shi kaifi ba, amma kallonsa kai tsaye kullum ba alheri ba ne, a bar murfin inji a rufe, a sa tabarau na musamman. Tawadar da ba ta daskare ba tana sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma idan jiki ya riga ya tsane ta, ko ɗigo ya taɓa shi sai ya tashi, wani har ya bar sana'ar. Safar hannu ta naitiril ake sawa, a wanke da sabulu, ba da fetur ko tina ba kamar yadda yara ke yi. Kwalbar zaiba da ta ƙare ba a jefa ta a bola ko kwata. Guba ce, kuma dalilin da ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda Najeriya ke ciki, shi ne rage yawon zaiba a duniya. Wannan ma abin lura ne ga mai sayen injin da yake so ya yi shekara goma yana samun kwalba.

Wanda zai buga ledar abinci ko kwalin da abinci ke taɓawa, kilishi ne, dambun nama ko garin kunu, ya yi taka-tsantsan na daban. A 2005 hukumomin Italiya sun kwashe miliyoyin litar madarar jarirai daga kasuwa saboda wani sinadarin tawadar UV mai suna ITX ya ratsa daga jikin kwali zuwa madarar. Tun daga nan ake yin tawada ta musamman domin kayan abinci, kuma ba ita ce ake zuba wa injin murfin waya ba. Idan irin wannan aiki ya zo, a buga a kan takardar da za a manna a waje, kada tawada ta haɗu da abin da za a ci.

Ranar da za ka je ganin inji, kada ka yarda da samfurin da ke kan teburin dillali. Tafi da naka: gutsuren gilas, akirilik, murfin waya, duk abin da kake sa ran bugawa. A buga a gabanka, da gudun da za ka riƙa aiki da shi, ba a hankali ba. Danna babban yatsa ka murza, in ya bar shaida bai daskare ba. Ɗauki reza ka tsaga ƙananan murabba'ai a kan bugun, manna salatif ka fizge, ka ga nawa suka biyo shi. A kan gilas da ƙarfe akwai ruwan share fage da ake shafawa kafin bugu, ka tambayi kuɗinsa, ka sa a yi gwajin da shi da kuma babu shi. Sannan ka tafi da samfurin gida, ka jiƙa ɗaya a ruwa ya kwana, ka bar ɗaya a rana, ka sake gwada salatif ɗin bayan kwana biyu, domin wani bugun sai daga baya yake saki. Ka nemi a rubuta maka a takardar ciniki wanda zai kafa injin, wata nawa garanti zai yi, da ko ya haɗa da kan inji da fitila, domin yawanci waɗannan biyun ne ake cirewa.